Yadda ake haɗa akurkin kaji mai taya a bayan gida, da tsare shi daga muzuru da shaho

Akurkin laka da muka gada yana da sanyi, ba ya kuma cin kuɗi, sai dai wuri guda yake zama har ya rushe. Kashi ya taru a ciki, ƙuma ta samu tsagar bango ta yi gida, ɓera ya haƙo ta ƙarƙashi. In kuma aka saki kajin su yi kiwo, an san sauran labarin: kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki cike da kwando, bayan wata biyu uku ne ke bin ta. Akurki mai taya shi ya raba gardama. Kajin suna tono a ƙasa, suna tsintar ciyawa da ƙwari, amma a cikin raga. Wuri ya ƙazantu, ka ɗaga ka tura gaba.

Ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka sayi ƙusa. Wannan akurki ba shi da harsashi, a kan ƙasa kawai yake zaune, don haka duk rauninsa yana gindi da bakin ƙofa. Shi ya sa nake raba shi biyu: filin yini mai raga wanda ƙasa ce daɓensa, da ɗakin kwana a sama mai daɓen katako da ake kullewa da magariba. Awon da zan bayar tsawo ƙafa 8 ne, faɗi ƙafa 4. Zai ɗauki kajin gida 6 zuwa 8, ko manya irin Noiler da Shika Brown guda 5 zuwa 6. In kajinka sun fi haka, haɗa guda biyu. Wanda ya wuce wannan girma sai ka nemi gayya duk ranar da za ka matsar da shi, kuma akurkin da ke da wuyar matsarwa ƙarshenta ba a matsar da shi.

Kayan aiki

Zarto, guduma, tef na awo, filaya, almakashin yanka kwano, fensir, da abin huda katako. In ba ka da abin huda, kafintan unguwa zai huda maka ramuka biyun da ake buƙata.

Kayan haɗi

- Jan katako mai kauri inci 2 da 3, tsawon ƙafa 12, guda 2, da wani guntu na ƙafa 3. Wannan na gindi ne.
- Farin katako mai inci 2 da 2, tsawon ƙafa 12, guda 10.
- Siraran katako na danne raga. Ragowar da ake zubarwa a injin yankan katako sun isa.
- Filawud falle 2: mai kaurin rabin inci na daɓe, mara kauri na bango.
- Ragar waya mai walda, mai ido rabin inci, faɗin ƙafa 4, kimanin yadi 16.
- Kwanon rufi mai ƙafa 6, falle 2.
- Ƙusa inci 4, inci 3, inci 1 da rabi, da ƙusar kwano mai hula.
- Fatar ƙofa 4, sakata 4, kwaɗo 2.
- Taya 2 masu faɗin inci 8 zuwa 10, irin na janareta ko na tsohon keken yara, da rodi mai milimita 16 tsawon ƙafa 5.
- Tsofaffin jarkoki masu lita 25 guda 2, waya ta ɗauri, da igiya.

A raga ne mutane suka fi cutar kansu. Akwai siririyar nan mai ido kamar saƙar zuma da ake kira ragar kaji, ita ce mai araha, ita kuma mai shago zai fara miƙo maka. Aikinta hana kaza fita ne kurum. Kare yana yaga ta da haƙori, muzuru yana zura hannu ta idonta ya fizgo ɗan tsako, ɓera da maciji kuwa ko sunkuyawa ba sa yi. In kuɗinka bai kai na mai walda gaba ɗaya ba, ka sa mai walda daga ƙasa zuwa ƙafa biyu ko'ina, da tagogin ɗakin kwana da samansa, sannan ka cike sauran da mai arahar.

Katako kuma a zaɓi busasshe. Ka ɗaga ka daidaita idonka da tsawonsa. Wanda ya lanƙwashe ajiye musu abinsu, musamman na gindi, don duk inda ya ɗaga daga ƙasa ƙofa ce ka buɗe wa ɓera.

1. Gindi

Yanke kowane jan katako gida biyu: ƙafa 8, da ƙafa 3 da inci 8. Gajerun za su shiga tsakanin dogayen, faɗin ya tashi ƙafa 4 cif, daidai da faɗin ragar, ba sai ka yi ta ƙari da yanka ba. Ka haɗa su a wuri mai daidai, da ƙusa inci 4, biyu a kowace kusurwa. Jan katako yana tsagewa, saboda haka ka ɗan dakushe bakin ƙusar da guduma kafin ka buga.

Auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Kowanne ya ba ka wajen ƙafa 8 da inci 11. In sun bambanta, tura har su yi daidai, sai ka tokare kusurwoyin da guntayen katako. Kar ka gitta wani katako a tsakiya a ƙasa, yana kama ƙafar kaji da tudun ƙasa wajen ja.

Maganar gara: da yawa suna shafa baƙin mai, yana kuma aiki. In za ka shafa, gindin kaɗai, ka bar shi a rana kwanaki har ya daina naso, kada ya taɓa sandar kwana ko cikin ɗaki. In a kan fangalin lambu za ka riƙa ajiye akurkin, fenti ya fi.

2. Ginshiƙai da saman

Yanke ginshiƙai 6 daga farin katako: uku masu ƙafa 4, uku masu ƙafa 3 da rabi. Dogayen a gefe ɗaya, gajerun a ɗaya gefen, don rufin ya samu gangaren zubar ruwa. Biyu a gaba, biyu a baya, biyu kuma a ƙafa 3 daga baya. Nan ne iyakar ɗakin kwana. Ka haɗe kawunansu da katako biyu masu ƙafa 8 da uku na gicciye. Girgiza shi. In yana rawa, ƙara tokara a karkace yanzu, kar ka ce raga za ta riƙe shi.

3. Ɗakin kwana

Wannan shi ne zuciyar aikin, a nan za ka ɓata lokaci.

Auna ƙafa 1 da rabi daga ƙasa a jikin ginshiƙai huɗu na baya, ka kewaye su da katako, ka ɗora filawud mai kauri a kai. Daɓen ya zama ƙafa 4 da ƙafa 3. Ƙarƙashinsa kuma ya zama inuwar da kajin za su fake da rana tsaka. Rufe bangon gefe biyu da filawud, amma ka bar inci 6 a sama a kowane gefe, ka rufe da raga. Kar ka toshe waɗannan tagogi ko da sanyi. Warin kashi da zafin cikin ɗaki sun fi sanyin hunturu kashe kaji.

Bangon baya gaba ɗayansa ƙofa ne, ta nan za ka yi shara ka kwashi ƙwai. A yanke shi ya fi bakin ramin faɗi da inci ɗaya ta kowane gefe, ya kwanta a kan katakon ya rufe tsaga. Sakata biyu, sama da ƙasa. Ƙofa mai sakata ɗaya a tsakiya, kare yana sa hanci a kusurwar ƙasa ya banƙara ta.

A bangon da ke kallon filin yini ka yanke 'yar ƙofar kaji, faɗi inci 10, tsayi inci 12. Murfinta mai zamewa ne sama da ƙasa a tsakanin siraran katako biyu, da igiya da ta bi ta sama ta fito waje, ka buɗe ka rufe ba tare da ka shiga ba. Ga inda ake mantawa: buga wani siririn katako a ƙasa ta gaba, yadda in murfin ya sauka bakinsa zai ɓuya a bayansa. In ba haka ba muzuru ko tunku zai sa farce a ƙarƙashi ya ɗaga. Daga ƙofar zuwa ƙasa ka jingina falanki mai faɗin inci 8, ka buga masa guntayen katako duk bayan inci 4 don ƙafa ta samu mataki, ka rataye ƙarshensa da waya ya ɗan tashi daga ƙasa don kada ya yi ta karo wajen tura akurkin.

A ciki, sandunan kwana biyu a gicciye, inci 8 daga daɓe, tsakaninsu ƙafa ɗaya. Kowace kaza tana son wurin inci 8 a kan sanda. A goge kaifin katakon, ko a sa reshen darbejiya mai kaurin wuyan hannu. Gurbin ƙwai kuwa, ka wanke jarka sosai, ka kwantar da ita, ka yanke gefe guda ka bar ɗan baki a ƙasa da zai tare shimfiɗa, ka zuba ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Gurbi ɗaya ya ishi kaji huɗu. Ajiye su kusa da ƙofar baya inda hannu zai kai. Jarka ta fi kwando ko kwali, don ƙuma ba ta samun maɓoya kuma ana wanke ta.

In babu filawud, katakon akwatunan kaya yana yi, muddin ka matse su ba tsaga. Tsohon kwano ma yana yi a bango, amma da bazara zai gasa kajin in ba ka lulluɓe shi da zana ba.

4. Hannuwa da ƙofar gaba

Buga katako biyu masu ƙafa 7 daga ginshiƙan tsakiya zuwa na gaba, a tsayin ƙafa 2, su zarce waje. Su ne hannuwan ɗagawa, suna kuma ƙara wa gefen ƙarfi. A fuskar gaba ka tsayar da ƙarin ginshiƙi a tsakiya, ka haɗa ƙofa mai raga, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa 3, ita ma da sakata biyu.

5. Raga

Daga waje ake buga ta, don in dabba ta turo, katakon ne ke tare ta. Fara daga kusurwa ɗaya, wani yana ja maka da filaya kana bugawa, ƙusa duk bayan inci 4. Lanƙwasa ƙusa a kan waya kaɗai ba ya riƙewa. Ka ɗora siririn katako a kan bakin ragar ka buge su tare, ko ka huda murfin kwalbar lemo ka sa ƙusar ta cikinsa ya danne wayar. Inda raga biyu suka haɗu su hau juna da inci 2, a ɗinke da waya.

Saman gaba ɗaya, ƙafa 8 ɗin nan, raga za ka fara shimfiɗawa, har kan ɗakin kwana, kafin kwano. Dalili kuwa, kwano yana da tudu da kwari, kuma kowane tudu ya bar rami tsakaninsa da katako. Ta nan maciji da ɓera suke shiga ɗakin da mai shi ke rantsuwa ya rufe ko'ina.

6. Rufi

Ɗora kwanon a gicciye, ya bi gangaren, ya zarce ta kowane gefe don feshin ruwa. Falle biyu za su rufe ɗakin da ɗan wani yanki na filin. A kan tudu ake buga ƙusa mai hula, ba a cikin kwari ba. Ɗaure zana ko karan dawa a sama saboda zafi, ka naɗe kaifin kusurwoyin saboda yara.

7. Taya

In ka sa taya a ƙarƙashi, gindin zai tashi daga ƙasa, ka ɓata duk aikin da ka yi. A bayan akurkin ake sa su, ɓangaren ɗakin kwana inda nauyi yake. Raba guntun jan katakon nan biyu, ka buga su a kan dogayen katakan gindi, jikin ginshiƙan baya, su leƙo baya da inci 6. Ajiye ɗan filawud mara kauri a ƙasa, tsayar da tayar a kansa jikin guntun, ka sa alama a tsakiyar raminta, ka huda nan. Zura rodin, sa tayoyin, mai walda ya ɗiga musu abin tarewa a baki. Da haka, in akurkin yana zaune tayoyin ba sa ɗauke da komai, gindi na manne da ƙasa. Ka ɗaga hannuwan gaba, nauyi ya koma kansu, ka tura shi kamar baro.

Wanda bai samu taya ba ya fere bakin dogayen katakan gindi su yi gangare, ya ɗaura igiya ya ja. Ko a ƙara hannuwa ta baya, mutum biyu su ɗauka.

8. Shimfiɗar gindi

Kare, gafiya da tunku haƙa suke yi, kuma daf da bango suke farawa. Raba sauran ragar gida biyu a tsaye, ka samu faɗin ƙafa 2. Shimfiɗa ta a ƙasa ta waje, ta kewaye akurkin, ka ɗaure bakinta da gindin da zoben waya sako-sako yadda za ta riƙa naɗuwa sama. A wajen tayoyi ka yanka ta zagaye su, a kusurwoyi kuma ta hau juna. Danne da bulo ko duwatsu. Dabba ta zo haƙa ta tarar da waya a ƙarƙashin farcenta, ba ta da dabarar ja da baya ƙafa biyu ta sake farawa. In tsakar gidanka siminti ne ba ka buƙatar wannan, sai dai ka zuba ɓuntu a ƙasa ka riƙa wanke inda ka tashe shi.

9. Gwaji kafin a zuba kaji

Da dare ka kunna tocila ka ajiye a cikin ɗakin kwana, ka rufe ƙofofi, ka zagaya. Duk inda haske ya fito ban da tagogi, gwada ɗan yatsanka. In ya shiga, toshe da katako ko raga. Sannan ka durƙusa ka bi gindin da hannu, ka cike duk wani kwari da ƙasa.

Kwana biyu ko uku na farko kajin ba za su san hawa ba. Da magariba ka kama su ɗaya-ɗaya ka ɗora a kan sanda. Da kansu za su koya.

Matsarwa

Da sassafe ake yi, kafin a buɗe musu 'yar ƙofa. Suna sama a kulle, ba wadda katako zai taka wa ƙafa. Naɗe shimfiɗar gindi, cire ruwa, tura tsawon akurkin guda, mayar da komai. A kan ciyawa kullum ko bayan kwana biyu, a kan ƙasa tsura kar ya wuce kwana uku. Kada ka dawo tsohon wuri sai ya sha rana kamar wata guda, saboda ƙwan tsutsar ciki da ke cikin kashi. In fangalin lambu suka takince maka, a bar wata huɗu tsakanin tashinsu da cire ganyen da ake ci ɗanye kamar latas.

Da bazara a bi inuwa. Da hunturu a rataya buhu ta arewa maso gabas inda iska ke bugowa. Farkon damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma akurki mara nauyi mai kwano a ka kifewa yake yi. Juya bayansa gabas, ka kafa guntayen rodi masu ƙugiya a kusurwoyi huɗu su riƙe gindin. Kada ka ajiye shi a hanyar ruwa.

Gane ɓarawon daga sawunsa

An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma in aka yi maka ɓarna ka tsaya ka duba kafin ka share wurin, don kowane maɓarnaci da irin aikinsa, kuma shi zai nuna maka inda za ka gyara.

Shaho da shirwa da rana suke aiki, ɗan tsako ya ɓace ba jini ba gashi. Muddin kajin suna cikin raga sun huta da su. In kana sakin su da yamma, to ka tsaya a wurin. Muzuru yakan ja abin da ya kama gefe ya ci, ya bar fiffike da gashi. Tunku yakan kashe fiye da ɗaya a dare guda, cizon a wuya ko a ka. Kare ya kashe ya watsar, sau da yawa bai ci ba, za ka kuma ga haƙa ko raga a lotse. Ƙwai ya ɓace ba ɓawo, maciji ne ko guza. Ɓawo a fashe da huda a gefe, hankaka ne, wato an bar ƙofa a buɗe. 'Yan tsaki da aka gwaguya da dare, ga abinci na raguwa, ɓera ne. In kuwa babbar kaza ce ta ɓace salin-alin, sakata a rufe, musamman gab da salla, wannan mai ƙafa biyu ne. Kwaɗo, da sarƙa a ɗaure akurkin da bishiya, a kuma matso da shi kusa da tagar ɗaki.

Ɓera da maciji tafiyarsu ɗaya: abinci ya kira ɓera, ɓera ya kira maciji. Rataye mazubin abinci ya kai tsayin bayan kaza don kada su watsar, ka ɗauke shi da dare. Kwashe ƙwai kullum. Kada ka ajiye akurkin jikin tarin itace, tarin bulo ko doguwar ciyawa. Maganin ɓera a gidan da ke da kaji da yara haɗari ne, tarko a cikin akwati mai ɗan rami ya fi. Su kalanzir da tafarnuwa da ake zubawa wai korar maciji, ni ban dogara da su ba, ragar da ba ta da kafa ita ce magani.

Kada ka taɓa zura hannu cikin gurbi a duhu, haska tukuna. Kumurci yana son ƙwai, kuma yana feshin dafi a ido daga nesa. In ya sami mutum, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a wuce asibiti.

Kwarkwasa ba ruwanta da idon raga. In ka ga layinta ya doso, kar ka tsaya faɗa da ita, tura akurkin nesa ka zagaye shi da toka. Tokar nan ma, ka haɗa ta da rairayi a tsohon kwano ka ajiye a ƙarƙashin ɗakin kwana su riƙa birgima, tana rage ƙwarƙwata. Raga kuma ba ta tare annobar kaji ta lokacin hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Ita sai rigakafi, irin su Lasota da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, kuma kafin sanyi ya shigo ake bayarwa.

Uwa mai ƙananan 'yan tsaki

'Yan tsaki ba sa iya hawa falankin a makonnin farko, uwar kuma ba za ta bar su ba, sai ta kwanta da su a ƙasa, inda ya fi ko'ina haɗari. Ka sa musu ƙaramin akwatin katako mai daɓe da ƙofa da 'yan hudojin iska a ƙarƙashin ɗakin kwana, ka kulle su ciki da dare. Da safe ka fitar da akwatin kafin ka tura akurkin, sannan ka mayar. Mazubin ruwansu ya zama mara zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa. In akwai manyan kaji da ke tsattsagar su, ka ware wa uwar akurki nata har 'ya'yan su kai mako shida zuwa takwas, gashi ya rufe su, su fara bin ta sama da ƙafarsu.